Talauci da Ƙana'a a Finafinan Kifin Shak

Daga cikin dukan nau'o'in finafinan da masana'antar silima ta Turawa ta ƙago ta watsa cikin duniya, babu wanda masu sharhi suka fi rainawa, babu kuma wanda ya ƙi mutuwa duk da wannan raini, kamar fim ɗin da aka gina a kan kifin shak, babban mafaraucin nan na teku mai haƙora sahu-sahu, wanda ake nunawa yana bin 'yan Adam ɗaya bayan ɗaya yana hallakawa. Tun daga 1975 da Jaws ya fito har ya zuwa yau, da wuya shekara ta zagayo ba a fitar da sababbi ba, mafi yawansu kuwa daga hannun ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda abin da suke kashewa a kan fim ɗin ɗungurungum bai kai ladan jarumi guda a babban fim ɗin Hollywood ba. Galibin mutane, in an tambaye su dalilin lalacewar irin waɗannan finafinai, sai su ce ai rashin kuɗi ne, su wuce abinsu. Ra'ayina ya saɓa wa wannan hukunci, domin mafi kyawunsu talauci ne ya gyara su, mafi muninsu kuma rashin ƙana'a ne ya ɓata su, wato ƙin yarda da iyakar abin da ke hannu, da kwaɗayin nuna abin da ba a da ikon nunawa.

Hujjar farko tana cikin tarihin Jaws ɗin kansa, ko da yake ba za a lissafa shi cikin masu ƙaramin jari ba, tun da kamfanin Universal ya ƙare da kashe kimanin dala miliyan 9 a kansa. Steven Spielberg yana da shekara 27 sa'ad da ya tafi tsibirin Martha's Vineyard a 1974 domin ya mai da littafin Peter Benchley fim, ya kuma dage a kan lalle sai a cikin teku na haƙiƙa za a ɗauka. An ƙera masa kifayen inji guda uku, amma da aka tsoma su cikin ruwan gishiri sai suka yi ta lalacewa, yau wannan ya nutse, gobe wancan ya ƙi motsi, har aikin da aka yanka wa kwana 55 ya ci kwana 159. To, da yake larura ba ta barin mutum ya zauna, sai matashin daraktan ya koma ga abin da ya rage masa: ya mai da kyamara idon kifin, tana tasowa daga ƙasa zuwa ga ƙafafun masu iyo, ya sa ganguna masu launin ruwan ɗorawa, waɗanda aka ɗaura wa kifin da mashi, su riƙa ɓullowa suna gudu a bisa ruwa, John Williams ya ƙara masa da kiɗan nan mai sauti biyu kacal da ke maimaituwa yana daɗa sauri, Verna Fields kuma, wadda ta tace hotunan har ta sami lambar Oscar a kai, ta yanke duk inda roba ta so ta tona asirin kanta. Mai kallo yakan shafe fiye da awa guda bai ga dabbar sosai ba, alhali kuwa tsoronta ya riga ya cika masa ciki.

Sirrin wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare yana sauraron tatsuniya, domin gwana ba ta tsayawa siffanta Dodo daga kai har ƙafa. Takan ambaci takunsa, ko muryarsa daga bayan kurmi, ta bar kowane yaro ya ƙera nasa Dodon, wanda kuwa yaro ya ƙera da kansa ya fi duk wanda za a zana masa ban tsoro. An ce gani ya kori ji, a nan kuwa har tsoro gani yake kora, saboda abin da ido ya kewaye, hankali ya riga ya auna shi, ya san tsawonsa da faɗinsa da inda ya ƙare. Teku ya ba mai shirya fim wani hijabi kyauta, wanda ba ya cin ko sisin kwabo, shi ne fuskar ruwa. Mutum yana iyo, kansa a sarari, sauran jikinsa duka a cikin gaibu, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa, ba ya iya gudu, ba shi da bangon da zai jingina bayansa. Wannan hali shi kaɗai, ko ba a nuna haƙori ɗaya ba, ya isa ya hana mai kallo gyara zama.

Wanda ya fi kowa riƙo da wannan darasi, a ganina, shi ne Chris Kentis, wanda shi da matarsa Laura Lau suka shirya Open Water a 2003 da kuɗin aljihunsu, suna ɗauka a ranakun hutu da ƙaramar kyamarar bidiyo, a kan jarin da bai wuce dala 500,000 ba. Asalin labarin wani abin takaici ne da ya auku a watan Janairun 1998, lokacin da jirgin 'yan yawon buɗe ido ya manta da wasu ma'aurata 'yan Amurka da suka yi nutso a Great Barrier Reef ta Ostireliya, ba a farga ba sai bayan kwana biyu, ba a kuma sake ganinsu ba. A fim ɗin, ma'aikacin jirgi ne ya kuskure ƙidaya, ya lissafa mutum biyu sau biyu, jirgi ya kama hanya. Miji da mata suka taso daga ƙasa suka tarar ba kowa, sai ruwa iya ganin ido. Da yake ba kuɗin ƙera kifin inji, balle na zanen kwamfuta, sai Kentis ya kai 'yan wasansa biyu, Blanchard Ryan da Daniel Travis, tekun Bahamas, aka sanya musu sulke a ƙarƙashin rigar nutso, aka watsa nama a ruwa, kifayen shak na gaske suka taru suna gilmawa ta gefensu.

Kifayen nan ba su da girman almara, ba sa tsalle, ba sa bin kowa da ƙiyayya. Fiffike ne zai yanko ruwa ya ɓace, wutsiya ta fantsama, wani abu ya gogi ƙafar mutum ya wuce, yadda dabba take yi in tana binciken abin da ba ta sani ba. Mafi yawan mintuna 79 na fim ɗin magana ce tsakanin mutum biyu da ƙishirwa da sanyi suke ci: da farko raha, sa'an nan lissafin cewa lalle jirgi zai dawo, sa'an nan zargin juna a kan wanda ya zaɓi wannan hutu, daga bisani shiru. Akwai wata fitowa da dare inda allon yake baƙi ƙirin, ba a ganin kome sai in walƙiya ta haska a ga fuska biyu a cikin ruwa, duhu ya sake rufewa. Kamfanin Lionsgate ya sayi fim ɗin a bikin Sundance na 2004, fim ɗin kuma ya tara fiye da dala miliyan 50. Akwai waɗanda suka fito suna gunaguni cewa ba abin da ya faru, ba zan kuma ce ba su da uzuri ba, domin wanda ya biya kuɗinsa don ya ga jini da haƙora, aka ba shi muhawarar miji da mata, yana da haƙƙin ya ji an yi masa rowa. Amma fa abin da yake zama a zuciya bayan kwanaki shi ne ƙidayar nan da aka kuskure, da sanin cewa duniya tana iya mantawa da mutum saboda sakacin alƙalami guda. Andrew Traucki na Ostireliya ya bi hanya makamanciyar wannan a The Reef na 2010, inda ya haɗa hoton farin shak na gaske da na 'yan wasansa, ya sa ɗayansu yana dulmiya kai yana dubawa, mu ma muna dubawa tare da shi cikin shuɗin ruwan da ba shi da iyaka, sau da yawa ba kome, har sai wani ɗigo mai toka-toka ya fara girma daga nesa.

Bayan ɓoye dabbar, falala ta biyu da ƙarancin jari yake haifarwa ita ce ƙuntata wuri da lokaci. Ɗaukar fim a kan ruwa yana da tsada da wahala, jirage suna gushewa daga inda aka ajiye su, hasken rana yana sauyawa, igiyar ruwa ba ta jin umarnin darakta, saboda haka mai ɗan jari tilas ya rage mutane, ya rage wurare, ya tsaya a kan mas'ala guda. The Shallows na Jaume Collet-Serra, wanda ya fito a 2016 a kan kimanin dala miliyan 17, ɗan kuɗi a ma'aunin Hollywood, ya ɗora Blake Lively a kan wani dutse da bai fi yadi 200 daga gaɓa ba, da rauni a cinya, ga tudu tana gani ba halin isa, teku kuma yana cikowa sa'a bayan sa'a zai shanye dutsen. 47 Meters Down na Johannes Roberts, a 2017, ya jefa 'yan'uwa mata biyu cikin kejin ƙarfe da ya ɓalle ya faɗa ƙasan teku, iskar tukunyarsu tana ƙarewa, in sun zauna su shaƙe, in sun taso da gaggawa kumfar naitirojin ta taru a jininsu ta hallaka su, a tsakanin nan kuma ga kifaye. A duka biyun sharuɗɗan a fili suke tun farko, mai kallo yana lissafi tare da wanda ke cikin halin, yana cewa da ni ne da kaza na yi, wannan shigar da mai kallo cikin shawara kuwa ita ce ruhin fim ɗin fargaba. Na biyun, wanda har an shirya sakinsa kai tsaye a faifan DVD kafin wani kamfani ya saye shi a ƙurarren lokaci ya kai shi silima, an kashe masa kimanin dala miliyan 5 ya dawo da fiye da miliyan 60. Na farkon ya kusa miliyan 120. Irin wannan riba, haɗe da cewa tsoron a cinye mutum ba ya bukatar tafinta a kowace ƙasa, ita ce ta hana kasuwar mutuwa, ita ce kuma ƙofar da ɓarna ta shigo.

Domin kuwa duk inda riba ta bayyana da ɗan jari, nan masu taƙlidi suke taruwa, masu kwaikwayon zahirin abu ba tare da fahimtar dalilinsa ba. Enzo G. Castellari na Italiya ya fitar da L'ultimo squalo a 1981, aka kai shi Amurka da sunan Great White, kamanninsa da Jaws kuwa ya yi yawa har Universal ta kai ƙara, kotu ta sa aka janye shi daga gidajen silima a 1982. Abin da shi da tarin magadansa suka ɗauka daga Spielberg shi ne ƙashin labarin: gari a bakin teku da ke jiran baƙin lokacin zafi, gawa ta farko, jami'in da ya yi gargaɗi, magajin gari ko attajirin da ya ƙi rufe gaɓa don kada kasuwa ta faɗi, masanin da ba a saurara ba, tsohon masunci mai taurin kai, sa'an nan fashewa a ƙarshe. An maimaita wannan jeri har mai kallo yana iya faɗin wanda zai mutu da wanda zai tsira tun a minti goma na farko, fargaba kuwa ba ta zama wuri ɗaya da yaƙini. Abin da suka bari, wato haƙurin ɓoye dabbar, shi ne wanda ba ya cin kuɗi, shi ne kuma suka fi bukata.

Zuwan zanen kwamfuta mai araha ya ƙara dagula al'amarin ta fuskar da ba a zata ba. A da, talauci yana tilasta wa darakta kunya: kifin robarsa ba shi da kyan gani, dole ya ɓoye shi, ɓoyewar kuma ta amfane shi ko bai nufa ba. Yanzu da 'yan kuɗi kaɗan ana iya zana kifi a sa shi ya yi duk abin da aka ga dama, a kowace fitowa, da rana tsaka, sai wannan tilas mai albarka ta gushe. Zane mai araha kuwa ba ya iya nuna nauyi. Farin shak babba yakan kai tan guda ko fiye, in ya motsa ruwa yana turuwa a gabansa, yana rufewa a bayansa, haske yana karyewa a fatarsa gwargwadon zurfi, ruwa kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar kwaikwayo a kwamfuta, har ga manyan kamfanoni. Abin da ake samu shi ne wata siffa mai sulɓi da ke shawagi a bisa hoton, ba ta jiƙe ba, ba ta ture kome ba, girmanta yana sauyawa daga wannan fitowa zuwa waccan, ɗan wasa yana kururuwa yana duban hagu, dabbar tana dama. Wani lokaci a cike giɓi da tsofaffin hotunan da aka saya, sai kifin da ya fara kai hari ya zama wani jinsi, wanda ya ƙarasa ya zama wani dabam, launin ruwan ma ya sauya. Ido ba ya bukatar ilmi kafin ya ƙaryata irin wannan, in kuwa ido ya ƙaryata, gaba ba ya faɗuwa.

Daga nan ne wasu 'yan kasuwa masu wayo suka gano cewa in ba a iya tsorata mutane ba, ana iya sayar musu da dariyar gazawar. Kamfanin The Asylum ya fitar da Mega Shark Versus Giant Octopus a 2009, inda kifi ya yi tsalle daga teku ya cafko jirgin sama, ya kuma gatsi gadar Golden Gate. Aka yi kifi mai kai biyu a 2012, aka bi shi da mai kai uku, da mai biyar, da mai shida. Ƙololuwar wannan tafarki ita ce Sharknado, wanda tashar Syfy ta nuna a watan Yulin 2013, inda guguwa ta kwaso kifaye daga teku ta yi ta zubar da su a kan birnin Los Angeles, jarumin kuma, Ian Ziering, ya faɗa cikin bakin ɗaya da zarton inji ya tsago cikinsa ya fito. Waɗanda suka kalle shi a daren farko ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, amma surutun da aka yi a Twitter ya mai da shi abin magana, har aka yi guda shida kafin a rufe babin a 2018.

Adalci ya wajabta in ce taron abokan da suka zauna suna kallonsa suna shewa sun sami abin da suka zo nema. Amma akwai bambanci mai girma tsakanin fim ɗin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya gaza, da wanda ya ɗaura niyyar gazawa tun kafin a kunna kyamara. Na farko yana ba da dariya ne saboda ihlasin masu shi, sun yi zaton abin kirki suke yi, tazarar da ke tsakanin niyyarsu da aikinsu ita ce abin dariyar. Na biyu ya mai da rashin inganci garkuwa: duk aibin da ka nuna sai a ce maka ai da gangan ne, ta haka an toshe bakin mai suka, an kuma sauke wa kai nauyin gyara. Raha irin wannan tana ƙarewa a cikin sunan fim ɗin da tallarsa; wanda ya ji sunan, ya ga minti biyu na talla, ya riga ya karɓi duk abin da ke ciki, sauran zaman jiran ƙarshe ne kawai. Tun da kuma ba a iya ƙara tsoro, sai a ƙara kawuna, a ƙara fuskokin mashahurai, a kai kifin sararin samaniya kamar yadda aka yi a Sharknado na uku, kowane sabo sai ya fi na baya wauta kafin a lura da shi. Kada dai a ɗauka kuɗi ne maganin: Jaws: The Revenge na 1987 ya ci fiye da dala miliyan 20, da Michael Caine a ciki, amma a cikinsa ne kifi ya bi iyali guda daga arewa maso gabashin Amurka har Bahamas don ɗaukar fansa, ya ɗago kai yana ruri, alhali shak ba shi da abin yin murya a maƙogwaronsa ko kaɗan.

Aibin da na fi jin zafinsa, saboda ba shi da uzurin talauci faufau, shi ne sakaci da mutanen da ke cikin labarin. Fitowar da mutane da yawa suke ɗauka ita ce mafi ƙarfi a Jaws ba kifi a cikinta: mutum uku ne zaune a cikin jirgi da dare suna gwada tabon raunukansu, sai Robert Shaw, a matsayin masunci Quint, ya ba da labarin nutsewar jirgin yaƙin Amurka Indianapolis a 1945, wanda daga cikin mutum kusan 1,200 da ke cikinsa 316 kaɗai suka rayu, bayan kwanaki a ruwa cikin ƙishirwa da kifaye. Tebur ne da fitila da rubutu mai kyau da ɗan wasa gwani, kowane mai ɗan jari yana da ikon kwatanta irinsa. Amma abin da aka saba ba mu shi ne tarin samari da 'yan mata waɗanda ba a san su da wata siffa ba sai kyan jiki, an tara su ne don a ƙidaya gawarwakinsu, maganarsu ba ta wuce ihu da kiran sunan juna ba. Kyamara kuma takan daɗe a kan tsiraicin matan fiye da yadda labari ya bukata, wanda wannan ma alama ce ta ɗan kasuwar da bai amince da hajarsa ba. In an so a ba jaruma zurfi, sai a liƙa mata rasuwar uwa ko rabuwa da saurayi a farkon fim, a ce kokawa da kifin ita ce maganin baƙin cikinta; The Shallows ya yi da ta farko, 47 Meters Down ya yi da ta biyu. Mutumin da ba a sa mu damu da shi ba, in kifi ya ɗauke shi, lissafi ne kawai ya ragu da ɗaya.

Har waɗanda na yaba ɗin ma, galibinsu ƙana'arsu takan ƙare kafin fim ɗin ya ƙare. The Shallows ya yi kusan awa guda yana tafiya bisa hankali, jarumar, wadda ɗalibar likitanci ce, tana ɗinke rauninta da 'yan kunnenta, tana auna da agogo tsawon lokacin da kifin yake ɗauka ya kewayo, ba abokin hira sai wani tsuntsun teku mai rauni a fiffike. Sa'an nan a kashi na ƙarshe kifin ya rikiɗe ya zama shaiɗani mai gaba, yana cizon ƙarfe, yana ratsa wuta, ya yi watsi da mushen ƙatuwar dabbar teku da ke gefe, wanda zai ishe shi abincin kwanaki, don ya bi mace guda. Open Water yana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe amanarsu har ƙarshe, bai kawo ceto na ƙarya ba, la'alla shi ya sa ba kowa ke son sake kallonsa ba.

Saura wata mas'ala da ta wuce ta fasaha, wato haƙƙin dabbar da ake cin abinci da sunanta. Jinsunan shak sun haura 500, mafi yawansu ba ruwansu da ɗan Adam, mafi girmansu ma ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci. Ma'ajiyar bayanan harin shak ta duniya da ke Jami'ar Florida ta ƙidaya cizo 69 da ba tsokana ta jawo su ba a 2023, mutum 10 suka mutu, a 2024 kuma cizo 47, mutum 4. A ɗaya ɓangaren, binciken da Boris Worm da abokansa suka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa mutane suna kashe kimanin shak miliyan 100 a kowace shekara. Ba zan ɗora wa fim alhakin wannan kisa ba, domin tarun masunta da kasuwar nama da ta miyar fiffike ne ke yinsa. Amma da wuya a tara jama'a su tausaya wa halittar da aka shekara hamsin ana koya musu cewa tsagwaron mugunta ce. Benchley ya ƙare rayuwarsa, har rasuwarsa a 2006, yana fafutukar kare teku da kifayen da littafinsa ya baƙanta, Spielberg kuma ya bayyana nadamarsa a wata hira da rediyon BBC a 2022. Mu kuwa da yawancinmu muke zaune nesa da teku, ba mu taɓa ganin shak ba sai a allo, fim ɗin shi ne malaminmu tilo a kan wannan halitta, ba mu da sanin ido da za mu gyara ƙaryarsa da shi.

A 'yan shekarun nan an fara ganin masu neman mafita daga wannan zargi ba tare da sun bar kasuwar ba. Sean Byrne, ɗan Ostireliya, ya kai Dangerous Animals bikin Cannes a 2025, inda mugun labarin mutum ne, wani mai jirgin yawon buɗe ido da Jai Courtney ya fito a matsayinsa, wanda yake sace baƙi yana rataya su yana miƙa wa kifaye, yana kuma ɗaukar abin a bidiyo; kifayen kuwa suna zuwa ne saboda an zuba musu jini, yadda kowace dabba mai cin nama za ta zo. Wannan ijtihadi ne a fagen da taƙlidi ya cika, ya kuma warware tsohuwar matsalar rubutu, tun da mutum yana da harshe da niyya da tarihi, abubuwan da marubuta suka daɗe suna ƙaƙaba wa kifi da ƙarfin tsiya. Sai dai shi ma da ya zo ƙarshe bai iya daurewa ba, ya sa kifin ya cinye azzalumin, aka ɗauke dabbar daga mazaunin mai laifi aka ɗora ta a kan kujerar alƙali, alhali ita ba ta san mai gaskiya da marar gaskiya a cikinsu ba.